Injin Ajingi a Jikin Babur ɗin Babana

Shekarun baya, lokacin mahaifina yana raye, na shiga wani aikin gyaran babur da har yau ban iya cewa ko alheri muka yi ko akasinsa ba. Ni dai ba bakanike ba ne, shagon irin shuka da maganin feshi nake da shi a kasuwar Gaya, kuma kafin wannan lokacin ko fulogi ban taɓa kwancewa da hannuna ba. Amma bari in faro muku daga tushe.

Mahaifina malamin dabbobi ne kafin ya yi ritaya. Tun ba a haife ni ba ya sayi wani babur ɗan Japan, baƙi, mai salansa biyu da faffaɗan tanki da doguwar kujera wadda za ta ɗauki mutum da buhunsa. Da shi ya zagaye Kademi da Balan da rugagen da ke bayansu yana yi wa shanu allura. Yana da amini a Ajingi, malamin gona, wanda suka haɗu a bakin aiki tun suna samari. Shi ma aminin ya sayi irin wannan babur ɗin, amma sai bayan wasu shekaru, kuma nasa ja ne. In ka hango su a jere a ƙofar gidanmu ranar kasuwa, sai ka ce fenti ne kawai ya raba su. Su kuwa ba su taɓa yarda da haka ba. Baba yana cewa fitowar farko ta fi ƙarfe mai kyau, amininsa yana cewa fitowar baya ta fi numfashi a hanya. Wannan musun sun yi shi tun ina rarrafe har na yi gemu. A tsakanin musun kuma suna ta musayar kaya: yau madubi, gobe wayar birki, wani lokacin har taya, in ɗaya zai yi tafiya mai nisa.

Bayan Baba ya yi ritaya, injin nasa ya buga a hanyar dawowa daga wata ta'aziyya. Aka nemi kayansa a Gaya babu, aka je Kano aka samu wasu aka rasa wasu. A daidai lokacin ne kuma idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana ci a ɓoye, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare sauran. Yana ganin abin da ke gabansa kamar mai leƙe ta cikin bututu, amma gefe da gefe duhu ne. Saboda haka babu wanda ya matsa a gyara babur ɗin. Muka tura shi zaure muka jingine shi. Amininsa ne ya ci gaba da zuwa yana ɗaukarsa a bayan nasa, su je ɗaurin aure ko duba mara lafiya, suna tafe suna musu.

A farkon wata damina, aminin ya fito daga Ajingi da safe bayan an kwana ana ruwa. Wata babbar mota ta matse shi zuwa gefen hanya, taya ta zame, ya faɗa cikin kwalbati. An kai shi asibiti a Kano, ya yi kwanaki yana jinya, Allah ya karɓi abinsa.

Daga ranar da muka dawo daga jana'iza, Baba ya zama wani mutum daban. Ya daina zuwa majalisarsu ta bakin masallaci. In an kawo abinci ya ci loma biyu ya ture kwano. Rediyon da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura a kan taga. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, zama kawai yake yi a zaure daga hantsi har la'asar, fuskarsa a ƙofa. In ka yi masa magana ya amsa, in ka yi shiru shi ke nan.

Bayan an yi sadakar arba'in, sai ga babban ɗan marigayin ya zo da keken ɗaukar kaya, jan babur ɗin a kwance a baya. Gabansa ya lanƙwashe, ƙashin jikin ya karkace, tankin ya lotsa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba ya ce, "Baba, a asibiti ya bar mana saƙo. Ya ce injin nasa lafiya lau yake, naka kuma jikin ne yake da lafiya. Ya ce a kawo maka. Duk mun zauna mun yarda."

Baba ya tashi ya lallaɓa har jikin keken. Ya sa hannu yana shafa injin, yana bin kowane lungu da yatsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo inda yake zaton ina tsaye ya ce, "Je ka kira mini abokin nan naka."

Abokina bakanike ne, tare muka taso, yana da rumfarsa kusa da tasha. Mutum ne mai hannu, amma bakinsa ya fi hannun sauri. Ya zo ya zagaya babura biyun sau ɗaya, ya ce, "Baba, ai wa da ƙani ne. A sauke wannan a ɗora wancan. Kafin Juma'a kana kansa."

Da yamma mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce in turo ƙofa. Ta ce, "Ka san in abin nan ya tashi hawa zai yi ko?"

Na ce, "Inna, ai ba zai hau ba, ya san halin idonsa."

Ta ce, "Ni za ka gaya wa halinsa? Injin da aka ciro daga cikin kwalbati za ku ɗauka ku ba mutumin da ba ya ganin gefensa. Ban ce ka yi masa ƙarya ba. Amma ba dole ne kowane abu ya gyaru ba."

Na fito daga ɗakin. Na je na faɗa wa abokina, ya goge hannu da tsumma ya ce shi bai iya ɓata aiki da gangan ba, in na ga dama in je in gaya wa Baba da bakina cewa ba za a yi ba. Ni kuma ba ni da wannan ƙarfin halin. Haka na zauna a tsakiya, in na shiga gida in ce wa Inna aikin da wuya ya yiwu, in na fito zaure in ce wa Baba an kusa.

Ashe ma ba sai kowa ya ja wa aikin ƙafa ba, shi da kansa ya ja. Baba ya ce a zaure za a yi komai, ba za a kai masa babur tasha ba, don haka abokina yake zuwa bayan la'asar da jakar sifanunsa. Sauke matattun kaya bai ba mu wahala ba. Da muka ciccibi injin Ajingi muka zura shi a jikin baƙin babur, ramukan notuna na ƙasa suka hau daidai, na baya suka hau da ɗan dabara, amma na sama ya kauce da kamar faɗin yatsa. Abokina ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can, ya yi gumi, ya ce masu ƙera abin nan sun sauya wurin maɗaurin a fitowar baya. Ya ce mafita ita ce a yanke maɗaurin a matsar da shi a yi walda.

Baba ya ce, "Ba za a sa wa jikin nan wuta ba."

Abokina ya ce, "Baba, ɗan wuri ne kaɗan, ko gani ba za a yi ba."

Baba ya ce, "Ni da ma ba gani zan yi ba. Na ce ba za a sa masa wuta ba."

Sai aka koma shawarar a yanko wani faffaɗan ƙarfe a huda shi, ya haɗa ramin injin da ramin jiki. Ni aka ba aikin kai awo wurin mai walda. Da yake ni mai basira ne, sai na karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon na jefa a aljihu na hau babur ɗina. Kafin in isa tsinken ya ƙara karyewa, ban kuma lura ba. Aka yanko ƙarfe aka huda, na kawo shi ina taƙama. Abokina ya ɗora shi ya ga bai kai ko rabi ba, ya tambaye ni da me na auna. Da na faɗa, sai muka ji wani sauti daga kan tabarma. Baba ne yake dariya, har yana riƙe ciki. Rabon da a ji wannan dariyar a gidanmu tun kafin rasuwar.

Daga nan matsaloli suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Salansar Baba ta ƙi shiga bakin sabon injin, dole aka ɗauko na marigayin duka biyun, har da ta hagu wadda take da tsohon faci tun wani faɗuwa da ya taɓa yi shekaru da yawa. Aka zo kan sarƙa, faifan gaba da na baya suka ƙi fuskantar juna, sarƙar tana tafiya a karkace, sai da abokina ya yi ta cusa ƙananan zobban ƙarfe yana cirewa kafin ta miƙe. Sannan wuta. Babur ɗin Baba ƙaramin batir yake amfani da shi, na Ajingi kuma babba, ninkin wancan. Abokina ya san da haka, amma ya ce bari dai a gwada a gani. Aka haɗa waya aka murɗa makulli, ƙwan fitilar gaba ya yi wani haske kamar walƙiya ya mutu, na baya ya bi shi, hon ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru har abada. Zauren ya cika da ƙaurin roba. Baba ya ce, "To, Juma'ar nan taka dai ta yi nisa."

Dole aka zare wayoyin Baba gaba ɗaya aka shimfiɗa na marigayin. Akwatin batir ya yi kaɗan, shi ma aka musanya. Kowace rana sai an cire wani abu baƙi an sa ja a madadinsa. Tsohon injin kuwa yana gefe a kan buhu yana tsiyayar baƙin mai, har Baba ya gaji da tuntuɓe da shi ya ce abokina ya ɗauke shi, in akwai abin da zai yi wa wani amfani a ciki ya cire.

Abin da ban zata ba shi ne yadda aikin ya tashi Baba. Tun kafin la'asar zai sa a shimfiɗa masa tabarma kusa da babur. Ya koma cin abinci. Ya sa aka kira wanzami. Shi yake riƙe notuna a cikin hularsa, in abokina ya nemi wani ya lalubo shi da yatsa ya miƙa. Yana ba mu labarin yadda suka taɓa kwana biyu a wata ruga shi da amininsa saboda rafi ya cika, da yadda aminin yake tsoron karnuka amma ba ya yarda a faɗa. Wani lokacin yana cikin labari sai ya ce, "In ya zo ka tambaye shi," sannan ya yi shiru, mu ma mu yi shiru, sai ƙarar sifana.

Inna tana jin komai daga cikin gida. Ita da ta ce kada a gyara, ita ce kuma take aiko mana da kunu da ƙosai. Wata rana na shiga na same ta tana tsince wake, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na ji shi yana dariya ɗazu." Na ce eh. Ta ce, "Yanzu ni ban ma san me zan roƙa ba."

Sai da gero ya nuna aka fara yanka kafin aikin ya ƙare. Ranar abokina ya zuba mai, ya duba komai, ya yi bismilla ya taka kik. Ya taka, ya taka, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake takawa, sai ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe zauren, ƙarar ta daidaita, da wani ɗan kaɗawa a ciki daga salansar nan mai faci, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Ni da abokina muna ta murna muna tafawa. Da na waiwaya sai na ga Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Shi ne. Kashe shi haka." Aka kashe.

Washegari da safe na same shi ya sa kaftani ya ɗaura agogo. Ya ce in tura masa babur zuwa filin makarantar firamare da ke bayan unguwarmu, ranar babu karatu. Na fara kawo uzuri, ya ce, "Tun ba a san za a haife ka ba nake kan abin nan. Tura mu je." Na leƙa cikin gida, Inna tana tsaye a bakin ɗakin girki tana kallonmu.

A filin na tayar masa, ya hau. Wallahi hannunsa bai manta komai ba. Ya saki kuloci a hankali, ya miƙe tsakiyar fili, bayansa a miƙe, ya sa giya ta biyu. Ni ina binsa da gudu kamar wanda aka ƙwace wa kaya, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba. Ya kai ƙarshen fili ya karya kwana lafiya. Na fara cewa a raina ko dai mu ne muka cika tsoro.

A dawowarsa ne wata mata ta ratso filin daga gefen dama, da ƙunshin karan gero a kanta. Ni na gan ta, duk wanda yake da ido zai gan ta. Baba bai gan ta ba. Na ɗaga murya, ƙarar inji ta danne. Sai da ya zo dab da ita ta yi tsalle baya ta yi salati, kayan suka watse, ƙarshen madubi ya shafi gyalenta. Ya taka birki ya tsaya.

Ya ce, "Wane ne?"

Na iso ina haki na ce, "Wata baiwar Allah ce, Baba, ba abin da ya same ta."

Ya ce, "Tana ina?"

Tana tsaye kusa da shi, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Sai da ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya same ta. Ya daɗe yana kallonta. Ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai Baba, Allah ya tsare gaba. Na taya ta tattara karan. Da na dawo ya riga ya sauka, ya zare makulli ya miƙo mini ya ce, "Riƙe." Muka turo babur ɗin zuwa gida, ni a kan hannu, shi yana dafe da kujera.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Bayan 'yan kwanaki sai ya ce in shirya in kai shi Ajingi, iyalan amininsa su ga an cika masa wasiyya. Inna ta ce, "Malam, ku tafi a na yaron nan mana." Baba ya ce ai wannan ɗin ake so su gani. Ta ce, "Matar nan fa ba ta daɗe da fita takaba ba." Ya ce, "Shi ya sa za mu je mu gaishe ta." Inna ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa. Ni na ɗauka tsoron hanya ne yake damunta, har ina ce mata zan tafi a hankali.

Muka kama hanya da hantsi. Gonaki duk an yanke gero an jingine, mutane suna ta cirar gyaɗa. Baba yana bayana, hannunsa a kafaɗata, yana gaya mini lokacin sauya giya da kunne. Can ya tambaye ni, "Mun wuce wurin da ya faɗi?" Na ce mun wuce tun ɗazu. Ya ce, "Da ka faɗa mini." Ya yi addu'a a hankali.

Gidan yana cikin wani siririn lungu. Na shiga da babur ɗin har ƙofar zaure, ƙarar tana dukan katanga tana dawowa. Ban kai ga murɗa makulli ba sai ƙyauren ya buɗe. Matar marigayin ce. Dattijuwa ce mai kunya, ban taɓa ganinta a waje ba mayafi ba. Ranar ta fito ba takalmi, ɗankwali kawai a kanta, hannunta fari fat da garin tuwo. Fuskarta a sake, har ta fara cewa, "Sannu da zu..." sai ta gan mu. Ta kalli baƙin tankin, ta kalle ni, ta kalli Baba. Na ga fuskar tana sauyawa a gabana. Ta dafa bango ta zauna a kan dokin ƙofa.

Na kashe injin. Tana gefen Baba, don haka bai gan ta ba. Ya ce, "Wa ya fito?" Sai da ya ji shessheƙarta ya gane. Hannunsa da ke kafaɗata ya matse ni har na ji zafi.

Surukarta ta fito da mayafi ta lulluɓe ta ta shigar da ita. Aka aika aka kira babban ɗan daga gona, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa babu wanda ya sha. Bayan wani lokaci ta dawo ta zauna daga bakin ƙofar ciki, suka gaisa da Baba kamar yadda aka saba. Sannan ta ce, "Malam, ku yi haƙuri da abin da na yi. Na san ya rasu, na sani sarai. Ƙafafuna ne suka riga ni. Shekara da shekaru in na ji ƙarar nan a lungu, ni nake tashi in buɗe masa ƙyaure ya shigo da babur ɗin."

Baba ya ce, "Hajiya, mu ne za mu ba ki haƙuri. Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba."

Ta ce, "Shi ya ce a kai maka. Allah ya sa albarka a ciki." Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. In za ku tafi, ku tura shi zuwa bakin titi kafin ku tayar."

Haka muka yi. Ni da ɗanta muka tura shi har ƙarshen lungu, muka wuce masallaci, muka wuce masu sayar da rake, Baba yana biye da mu. Da muka isa titi ya ce a ƙara gaba. Sai da gidajen suka ƙare ya yarda na taka kik. Har muka iso Gaya bai ce mini in sauya giya ba ko sau ɗaya.

Inna ta kalli fuskokinmu ta gane. Baba ya ce a mayar da babur ɗin zaure a rufe shi da tabarma. Bai ƙara cewa a tayar ba. Bai koma irin zaman da ya yi bayan jana'iza ba, yana cin abinci, yana zuwa masallaci, amma labaran nan da dariyar sun tafi tare da aikin. Da bazara ta zagayo ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, shi ma Allah ya yi masa rasuwa.

Watanni bayan haka abokina ya ce in riƙa tayar da injin lokaci-lokaci kada ya daskare. Wata safiya na janye tabarmar na zuba mai na taka, ya kama. Ina tsaye a kansa sai na ga Inna a ƙofar ciki. Na kai hannu zan kashe, ta ɗaga mini hannu alamar in bari. Ta tsaya tana saurare, kanta a karkace. Can ta ce, "Wannan ba na Malam ba ne. Nasa ya fi wannan taushi, ba ya wannan kaɗawar." Na kashe. Ta ce, "Ina kuka kai nasa?"

Na je na tambayi abokina. Ya ce wasu kayan cikin ya sa wa wani mutumin Kademi, wasu sun tafi Balan, gangar injin da ta fashe kuma masu sayen tsohon ƙarfe sun ɗauka tuntuni, har da salansar. Ya ce in ana so zai sa a nemo mana injin fitowar farko a Kano, akwai masu ajiye irinsu. Na dawo na faɗa wa Inna duka. Ta ce, "Ko an samo ai na wani ne. Ku bar shi." Ta koma ciki.

Na sha zama ina juya wannan lamarin. In na tuna watannin daminar nan, Baba da notuna a hula yana yi wa abokina tsiya, sai in ce ko don su kaɗai aikin ya biya. In kuma na tuna fuskar dattijuwar nan a ƙofar zaure, da tambayar da Inna ta yi mini, sai in rasa abin cewa. Mu uku muka yi ta auna ramuka da sarƙa da waya, kowa yana ta lissafin abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba, babu ɗayanmu da ya tuna akwai mutane a cikin gidajen nan biyu da suka yi rayuwarsu suna sauraron dawowar waɗannan baburan. Inna ce kaɗai ta hango, ita ma kunya ta hana ta ƙarasa maganar.

Masu sha'awar tsofaffin babura sun zo neman sa ba sau ɗaya ba, na ce ba na sayarwa ba ne. Inna tana nan da ranta, ta tsufa, kunnenta kuma garau. In na tuna da maganar abokina nakan je in janye tabarmar, in tabbatar makulli a kashe yake, in danna kik ɗin da hannu a hankali har in ji injin ya juya. Daga nan in mayar da tabarmar in tafi shago.